Jemage Mai Ganye a Hanci: Darussa Daga Rijiyar Tozai Zuwa Kan Tsaunuka

Ƙasarmu ta Tozai, a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato, shimfiɗaɗɗiya ce. In ka tsaya a bayan gari da rani, idonka zai yi ta tafiya a kan jigawa da gawo jefi-jefi, sai can arewa, bayan an ƙetare iyaka an wuce Birnin Ƙonni, tuddan Adar suke fara ɗagowa. Ɗan irin wannan wuri ba shi da hulɗa da tsauni, balle jemagun da ke kwana a kogwanninsa. Aikin koyar da ilimin halittu a sakandare ne ya haɗa ni da wannan dabba. A hankali na gane cewa tambayar da masana ke hawa duwatsun Peru da Gini da Kuros Riba domin su amsa, wato me ke sa wani irin jemage ya zauna nan ya kasa wuce can, ta shafi rijiyoyinmu da kukokinmu da rufin azuzuwanmu.

1. Abin da aka raina ba a tsayawa ƙirga shi. Muna yara jemage ɗaya muka sani: baƙin abu mai kwana kai ƙasa, wanda aka ce mana makaho ne, kuma ta baki yake kashi. Na girma da wannan sani har zuwa ranar da aka kira masu yasa su gyara wata tsohuwar rijiya a unguwarmu. Mai yasa na sauka, sai ga wasu ƙananan jemagu suna ta fitowa daga wani lungu da gefen rijiyar ya zaizaye. Ɗaya ya faɗa cikin guga aka jawo shi. Na tsuguna na dube shi. Gashinsa toka-toka ne mai laushi, kunnuwansa masu faɗi, a tsakiyar fuskarsa kuma, inda ake sa ran ganin hanci, wata fata ce mai ninki-ninki a shimfiɗe, siffar ɗan ganye. Dattijon da ke da rijiyar ya ce da ni, "Malam, mi kaka biɗa ga wanga abu? Bar shi shi tahi. Tun ina yaro suna nan ciki, ba su taɓa cizon kowa ba." Na ce, "To, Baba," muka juye gugan a gindin bango, ya rarrafa ya tashi.

Tun daga ranar na fara lura, sai na ga ashe a garinmu kaɗai gida uku ne aƙalla. Akwai manya masu doguwar fuska da dara-daran idanu, masu sauka a mangwaro da darbejiya; akwai masu wutsiya, waɗanda ke cika silin ɗin makaranta da masallaci da tsuwa; sai kuma waɗannan na cikin rijiya. A duniya nau'in jemagu ya haura 1,400, kusan kashi ɗaya cikin biyar na dukan dabbobi masu shayarwa, kuma babu makaho ko ɗaya a cikinsu. Zancen kashi ta baki ma ga asalinsa: manyan sukan tauna 'ya'yan itace su tsotse ruwan su tofar da tuƙa, ita muke tararwa a gindin bishiya da safe.

Masu ganyen hanci kansu zuriya biyu ne manya. Ɗaya tana nahiyar Amurka, iri fiye da 200, a cikinsu akwai mai cin 'ya'yan itace, da mai shan ruwan fure, da mai kama kwaɗi, da iri uku masu shan jini. Ɗayar ita ce tamu, ta Afirka da Asiya har zuwa Ostireliya, kuma ƙwari kaɗai take ci. Duk Afirka babu jemage mai shan jini. Binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa namu sun fi kusanci da manyan nan masu cin mangwaro a kan takwarorinsu na Amurka, duk da kamar da fuskokinsu suka yi.

2. Abin da ya yi kama da nakasa yakan zama kayan aiki. Duk sa'ad da na nuna wa ɗalibai hoton fuskar wannan jemage sai su ce Allah ya sawwaƙe, suna zaton ciwo ne ya ci masa hanci. Alhali da fatar nan yake neman abinci. Yana fitar da wata siririyar ƙara ta ƙofofin hanci, ta daki abin da ke gabansa ta dawo kunnensa, daga amsa-kuwwar ya san nisan abin da girmansa, har ya bambance ƙwaron da ke kaɗa fiffike da ganyen da ƙwaron ya ɓuya a ciki. Ganyen hancin shi ke tattara ƙarar ya nufar da ita gaba, kamar yadda manomi ke kewaye baki da tafin hannu in zai kira ɗansa daga ƙarshen gona. Kunnen ɗan Adam ba ya kama sautin da ya wuce girgiza 20,000 a sakan ɗaya. Ƙananan masu ganyen hanci na Afirka kuwa suna kai 130,000 har su wuce. Wani masani ɗan Italiya, Lazzaro Spallanzani, ya nuna tun shekarun 1790 cewa jemage na tashi lafiya ko ba ya gani, amma sai a 1944 Donald Griffin na Amurka ya raɗa wa wannan baiwa suna, bayan ya kama ƙarar da na'ura.

Abin da ya daɗe bai shiga kaina ba shi ne cewa wannan baiwar ce kuma take taƙaita masa tafiya. Sauti mai tsananin siranta ba ya nisa, cikin 'yan mitoci yake mutuwa. Fukafukansa gajeru ne masu faɗi, sun dace da kurɗawa tsakanin rassa, ba su dace da doguwar tafiya ba. Babban jemage mai launin kara yakan biyo damina daga kurmi har Sahel, kuma miliyoyinsa na taruwa a dajin Kasanka na Zambiya daga Oktoba zuwa Disamba kowace shekara. Mai ganyen hanci ba haka yake ba. Yana bukatar makwanci mai duhu da ɗumi da laima, da ƙwari a kusa da makwancin. Inda ɗayansu ya yanke, nan iyakarsa take.

3. Dutse ba ya barin kowa ya kai ƙolinsa. Hidimar ƙasa ce ta kai ni jihar Taraba, kan tudun Mambila. Wanda ya bi hanyar ya san ta: daga Bali zuwa Serti zafi ne irin wanda muka saba, sai an wuce Mayo Selbe mota ta fara murɗawa tana hawa, kafin a kai Maisamari kowa ya lalubo rigar sanyi. A Serti, inda mota takan kwana da mu, fitilar mai shayi cike take da ƙwari, jemagu na ta shawagi a kanta har tsakar dare. A Nguroje da Gembu kuwa, a dare mai hazo, sai ka daɗe a gindin fitila kafin ka ga ɗaya ya gifta. A lokacin na ɗauka halin gari ne kawai. Daga baya na san cewa abin da idona ya gani ƙa'ida ce da aka auna a nahiyoyi da dama.

Duk hawan mita 1,000, zafi na raguwa da kimanin digiri 6. Tudun Mambila ya kai wajen mita 1,600, Chappal Waddi kuwa, tsaunin da ya fi kowane tsayi a Nijeriya, mita 2,419 ne. Dabbar da nauyinta bai wuce giram 10 ba tana saurin rasa ɗumin jiki, ga ƙwari na raguwa da sanyi, ga uwa mai shayarwa na bukatar abinci ninkin na kullum. Kowane iri da inda ƙarfinsa ke ƙarewa.

Inda aka fi bin diddigin wannan shi ne gandun Manu da ke gangaren tsaunukan Andis a Peru, wanda ya tashi daga kurmin Amazon, ƙasa da mita 400, ya haura mita 3,000. A 1996 Bruce Patterson da abokan aikinsa suka wallafa abin da suka tattara a can. A gindin dutse jemagu iri-iri ne barjat, mafi yawansu masu ganyen hanci. Ana hawa suna raguwa, har a kai sama inda 'yan kaɗan suka saura. Abin da ya fi jan hankalina shi ne akasarin na saman ba wasu baƙi ba ne, cikin na ƙasan ne aka samu masu jure sanyi suka ci gaba da hawa. Amma akwai waɗanda tsaunin ne gidansu. A 2005 aka bayyana wani a dazuzzukan hazo na Ikwado, *Anoura fistulata*, mai harshen da ya kai santimita 8.5, wato tsawon jikinsa ɗaya da rabi. Tushen harshen a cikin ƙirjinsa yake, kuma da shi yake kai wa ga ruwan wani fure mai zurfin maƙogwaro. Irin wannan jemage, iyakarsa na bin iyakar furanninsa.

4. Inda gindin dutse ya bushe, a tsakiya rai yake taruwa. Na dawo gida da wannan ƙa'ida ina koyar da ita kamar ta game ko'ina, sai wani Buzu mai sayar da raƙuma a kasuwar Illela ta ranar Lahadi ya gyara mini ita. Hira ce ta kai mu zancen Azbin, na tambaye shi ko akwai jemagu a can. Ya ce, "Malam, a fili babu, sai iska da rairayi. Amma shiga cikin duwatsu, inda ruwa ke kwana a kan fā, ko ka leƙa rijiyar lambu a Timiya, sai ka toshe hanci don warinsu." A wurinsa, hawa dutse ƙaruwar jemagu ne.

Shi ma gaskiya ya faɗa. A 2007 wata masaniya a Amurka, Christy McCain, ta haɗa sakamakon bincike daga tsaunuka da dama na duniya, ta ga hoto iri biyu. Tsaunin da gindinsa ke cikin kurmi mai ruwa, jemagu sun fi yawa a ƙasa, suna raguwa zuwa sama. Wanda gindinsa ke cikin busasshiyar ƙasa kuwa, a tsakiyarsa suka fi yawa, domin ƙasa ta yi ƙishi, sama ta yi sanyi, tsakiya ce ta haɗa ɗumi da ruwa. Azbin, wanda ƙolinsa a Bagzan ya kai mita 2,022, yana tsakiyar hamada ne, kwazazzabansa ne ke riƙe ruwa da dabino da lambuna. A irin waɗannan wurare ake samun *Asellia tridens*, mai ganyen hancin da ke da tsini uku a samansa. A taswira yankinsa ya miƙe daga gaɓar tekun Atilantika, ya ratsa Sahara da ƙasashen Larabawa har Pakistan. A ƙasa kuwa ɗigo-ɗigo ne: rijiya nan, kogo can, kango a gaba, tsakaninsu ɗaruruwan kilomita babu ko ɗaya.

Wannan ya sa na sake kallon ƙasarmu. Tafiya daga Kalaba zuwa Illela hawan tsauni ne da ke kwance. A Kalaba ruwan sama na wuce milimita 2,500 a shekara, a Sakkwato yana tsakanin 600 da 700, mu da ke bakin iyaka namu bai kai haka ba a yawancin shekaru. Ana matsowa arewa nau'in jemagu na raguwa, sai dai a nan rashin ruwa ne ke yin aikin da sanyi ke yi a Mambila. Saboda haka fadamunmu da tafkunanmu da tsofaffin rijiyoyi su ne tsakiyar dutsenmu. Dattawan Kalmalo suna ba da labarin lokacin da ake su a tafkinsu kusan duk shekara, kafin fari da madatsun da aka gina a kwarin Magiya su rage ruwan da ke isowa. Da tafki ya janye, kifi muka yi wa kuka, shi muka gani. Ƙwarin bakin ruwa da masu cin su da dare sun tafi tare da shi ba wanda ya yi zancensu.

5. Mai gida ɗaya, gobara ɗaya ta ishe shi. A kudu maso gabashin ƙasar nan, a tsaunin Afi na jihar Kuros Riba, wata masaniya 'yar Nijeriya, Iroro Tanshi, ta kama wani ɗan jemage mai ganyen hanci da gajeriyar wutsiya a 2016. Sunansa na kimiyya *Hipposideros curtus*. An yi shekara 45 ba a ba da rahoton ganinsa a daji ba, kuma duk duniya a wurare kaɗan aka san shi, ciki har da kurmin Kamaru da tsibirin Biyoko da wannan kusurwa ta Nijeriya. Ba a jima da gano makwancinsu ba wutar daji ta tashi daga gonakin da ake sharewa a gindin tsaunin, ta cinye yanki mai yawa na dajin. Tanshi ba ta tsaya ga rubuta takarda ba. Ita da Benneth Obitte sun kafa ƙungiyar SMACON, suka shiga ƙauyuka suna aiki da manoma: na'urar auna yanayi, alamomi masu launi da ke nuna ranar da cinna wuta ke da haɗari, da matasa masu sintirin kashe gobara. A 2021 aka ba ta lambar yabo ta Whitley ta Ingila. Abin da na fi girmamawa a aikinta shi ne ta fahimci cewa wutar da ke cin dajin jemage ita ke cin gonar koko, saboda haka manomi abokin aiki ne.

Can yamma, a tsaunin Nimba da ke kan iyakar Gini da Laberiya da Kodebuwa, mai tsayin mita 1,752, akwai *Hipposideros lamottei*, wanda aka bayyana a 1984. Ba a san shi a wani wuri ba sai wannan tsauni. Yana kwana a ramukan da masu neman tama suka haƙa shekaru da dama da suka wuce, ramukan suna ruftawa, tsaunin kuma cike yake da taman ƙarfen da kamfanoni ke hanƙoro. A cikin waɗannan ramuka aka kama wani sabon jemage mai launin lemo da baƙi a 2018, aka raɗa masa suna a 2021. Galibin jemagu ɗa ɗaya suke haifa a shekara. Garken da aka hallaka a dare ɗaya sai ya shekara goma bai farfaɗo ba, in ma ya farfaɗo.

Mu ba mu da tsauni, amma muna rushe irin waɗannan gidaje kullum. Rijiyar burtsatse ta zo, alhamdu lillahi, sai aka cike ta gargajiya da shara. Soron ƙasa ya faɗi, bulo da kwano suka maye gurbinsa. Kuka mai kogo, da ta tsufa sai a ce matattarar aljanu ce ko ta macizai, a sa mata wuta.

6. Ba a korar jemage da hayaƙi. Wannan darasi da hannuna na saye shi, kuma har yau yana damuna. A wata makaranta da na koyar, jemagu masu wutsiya sun cika silin ɗin wani aji. Wari ya hana karatu, kashinsu na zubowa kan littattafai, iyaye suna ƙorafi, kuma suna da gaskiya. Da yake ni ne malamin halittu, aka ce in ba da shawara. Na ce a yi musu hayaƙi. Farkon damina ne. Muka haɗa barkono da tsumma a kasko, muka tura cikin silin, muka toshe ƙofofin da laka. Washegari da aka buɗe ajin, ƙasa cike take da jarirai tsirara marasa gashi, wasu suna motsi. Ban yi la'akari da cewa masu cin ƙwari suna haihuwa ne a daidai lokacin da ƙwari ke yawaita ba, alhali ni nake koyar da hakan. Waɗanda suka mutu a cikin silin suka ruɓe, warin ya ninka, aka rufe ajin makonni. Waɗanda suka tsira suka koma rufin ajin da ke kusa da gidajen maƙwabta.

Daga baya na karanta abin da ya faru a mahaƙar Kitaka ta Yuganda. Cutar Marburg ta kama masu haƙa a 2007, aka gano tana jikin jemagun kogo masu cin 'ya'yan itace, sai a 2008 aka toshe ramin aka hallaka dubbansu. Bayan 'yan shekaru wasu suka dawo cikinsa, da aka gwada su sai aka tarar masu ɗauke da ƙwayar cutar sun ninka na da fiye da sau biyu, kuma a 2012 cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa.

Ba ina cewa jemage ba shi da haɗari ba. A 1956 aka fara samun wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare a jikin jemage a tsibirin Legas. A 2010 aka wallafa gano wata ƙwayar korona a jikin wani babban jemage mai ganyen hanci, aka sa mata sunan Zariya saboda a kusa da birnin aka kama shi. Maganin haɗarin shi ne tazara. Kada a taɓa jemage da hannu tsirara, musamman wanda aka tsinta a ƙasa da rana. Wanda jemage ya ciza, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a nufi asibiti don allurar haukan kare. Rijiyar sha a yi mata murfi. Mangwaron da aka gatsa a bar shi. Kashinsu a yayyafa masa ruwa kafin shara, a rufe hanci, sannan a kai gona, taki ne mai ƙarfi. In kuma dole sai an fitar da su daga rufi, a jira bayan kaka, lokacin da 'ya'ya suka iya tashi. A tsaya da magariba a ga ƙofofin da suke fita, a rataya leda ko raga a kan kowace ta yadda za su zame su fita amma su kasa komawa, bayan 'yan kwanaki a toshe.

7. Mai aikin dare, sai ya daina ake sanin yana yi. Furen kuka fari ne, da yamma yake buɗewa, kuma manyan jemagu ne kan gaba wajen yi masa barbara. Haka tutun ɗorawa, haka rimi. Duk wanda ya ɗanɗana daddawa a miya ya ci moriyarsu. Ƙananan kuwa a gona suke aiki. Wani bincike da aka wallafa a 2020 daga gonakin gero na Senegal ya nuna cewa tsuntsaye da jemagu na rage tsutsar da ke cin zangarniya, wadda ƙwaron dare mai fukafukai ke zuba ƙwanta. A Amurka, wata cutar fumfuna da ta ɓulla a 2006 ta kashe miliyoyin jemagu. A 2024 masanin tattalin arziki Eyal Frank ya nuna cewa a gundumomin da cutar ta shiga, manoma sun ƙara fesa maganin ƙwari da kashi 31 cikin ɗari, mutuwar jarirai kuma ta ƙaru da kusan kashi 8 cikin ɗari. Mu da muke fesa magani a wake da albasa ba safar hannu ba takunkumi, wannan lissafi ya shafe mu fiye da su.

Wani malamin zaure da na yi wa wannan bayani ya tuna mini cewa a Tafsirin Jalalaini, wanda ake karantawa a masallatanmu kowane azumi, an ambaci jemage a matsayin abin da Annabi Isa, alaihis salam, ya siffanta da laka ya tashi da izinin Allah. Muna jin wannan duk shekara, mu fito mu ga yara na jifansa da gwafa mu wuce.

8. Farin wuri a taswira ba shaidar babu ba ce. Littattafan da aka daɗe ana dogaro da su kan jemagunmu su ne na D. R. Rosevear, wanda ya fito a 1965 kan Afirka ta Yamma, da na D. C. D. Happold, tsohon malamin Jami'ar Ibadan, wanda ya fito a 1987 kan dabbobin Nijeriya masu shayarwa. In ka duba taswirorin yaɗuwar jemagu, ɗigon ya fi kauri a kudu da tsakiyar ƙasa, yana sirancewa in an nufo Sakkwato. Wani ɓangare na wannan gaskiyar yanayi ce, kamar yadda na faɗa. Wani ɓangaren kuwa sawun masu bincike ne: inda suka kafa tarko, nan ɗigo ya fito. Tanshi da abokan aikinta, a binciken da suka wallafa a 2021 daga Afi da gandun dajin Kuros Riba, sun samu iri 10 da ba a taɓa rubuta su a Nijeriya ba, jimillar nau'in jemagun ƙasar ta kai 100. Cikin dalilan nasararsu akwai sauya tarko. Masu ganyen hanci kan ji ragar da aka saba kafawa su kauce mata, sai suka yi amfani da tarkon siraran zaruruwa da aka jera a tsaye. Ga shi kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa wasu da ake ɗauka iri ɗaya ne a faɗin Afirka, ashe iri da yawa ne masu kama da juna, sai an auna ƙashin fiffike an naɗi sautinsu ake rarrabe su.

Yankinmu ya cancanci irin wannan aiki: duwatsun farar ƙasa na Kalambaina, kwazazzaban Adar wajen Keita da Buza, fadamar Rima, Kwatarkwashi a Zamfara, Kufena a Zariya. Rabin filin yana Nijar, saboda haka aiki ne na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai da ta Tawa tare. Ina roƙon malaman sassan nazarin dabbobi su ba ɗalibansu na shekarar ƙarshe wannan fage, su kuma nema musu na'urar naɗar sautin jemage, wadda yanzu akwai mai haɗuwa da wayar hannu.

Kai kuma mai karatu, in a garinku akwai tsohuwar rijiya da aka daina sha, ko kango, ko kuka mai kogo da jemagu ke fita daga ciki, ka nemi mai unguwa ya hana a cike ta ko a sa mata wuta. Ka tsaya nesa kaɗan da magariba ka ƙirga masu fita, ka rubuta adadin da kwanan wata, sau ɗaya da rani, sau ɗaya da damina, ka miƙa wa malamin halittu na makarantar da ta fi kusa da kai.